Kuɗin binciken lafiya kaɗan ne: wace cuta za a fara kashe wa?

Ɗan Gindin Dutse (jami'in lafiya a karkara, kudancin Gombe)

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, likitoci da malaman jami'a, ina neman shawararku a kan wata magana da ta fi ƙarfin kaina ni kaɗai.

An nemi mu ma'aikatan ƙananan asibitoci mu rubuto ra'ayinmu a kan abin da ya kamata gwamnati ta sa a gaba idan ta ware kuɗin binciken lafiya. Ba kasafai ake tambayar irinmu ba, shi ya sa nake son abin da zan miƙa ya zama mai tushe. Kuɗin dai ba su da yawa, kowa ya sani. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, amma kason Gwamnatin Tarayya bai cika wuce kashi 5 ko 6 ba. A cikin wannan ɗin ake biyan albashi, a sayi magani, a yi gini, in an yi saura sannan a tuna da bincike. To da wane ma'auni ake zaɓar cutar da za a fara kashe wa kuɗin jama'a? Yawan mutanen da take kashewa, ko kuwa rashin mai kula da ita?

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Saran maciji nake so a sa a gaba, musamman na kububuwa.

Wanda bai zauna a yankinmu ba zai ɗauka abin na jefi-jefi ne. A nan kuwa, daga faɗuwar ruwan shuka har a gama kaka, shi ne aikinmu. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana kwanciya a ƙarƙashin dutse ko dami ko tarin harawa. Manomi ya sa hannu zai ɗaga, ko yaro ya bi awaki ba takalmi, shi ke nan. Za a kawo shi a kan babur an ɗaure ƙafar tamau da tsumma, sau da yawa an riga an yi tsaga an shafa magani. Abin da muke fara yi shi ne mu ɗebi jininsa mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye minti 20 ba mai taɓawa, sannan mu karkata kwalbar. Jinin mai lafiya zai daskare ya yi guda. Na wanda dafin kububuwa ya shiga kuwa sai ya kwararo kamar ba a ajiye shi ba. Daga nan dasashi ya fara jini, wurin tsagar ya ƙi tsayawa, fitsari ya yi ja. Idan akwai allurar kashe dafi ta gaskiya aka yi masa, bayan awa shida a sake gwajin, yawanci sai ka ga guda a gindin kwalba. Idan babu, cikin mutum goma ɗaya ko biyu sukan tafi, wasu ma bayan kwanaki, lokacin da iyalai suka ɗauka an tsallake.

Abin da ya sa na kafe a kan wannan shi ne mun riga mun ga kuɗin gwamnati sun yi aiki a nan. Tun shekarun 1970 likitoci irin su David Warrell, lokacin yana Zariya, suka rubuta yadda dafin kububuwa ke hana jini daskarewa. Daga baya Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauki nauyin aikin da ya haifar da allurar EchiTAb. Aka kama macizan ƙasarmu aka kai Liverpool aka tatsi dafinsu. A yankin Wales na Birtaniya aka yi guda ɗaya da jinin tumaki domin kububuwa kaɗai, a Kosta Rika kuma aka yi ɗayan da jinin dawaki, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. An gwada su biyun a kan mutum 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010, da hannun masananmu irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. Dukansu sun yi aiki.

Amma ga inda aka tsaya: har yau kowace kwalba daga waje take zuwa, da dala ake sayenta. Kamfanin Sanofi ya daina yin tasa allurar, Fav-Afrique, a 2014 saboda ba ta kawo masa riba. Gurbin da ta bari sai aka cike shi da allurai masu araha, wasunsu an yi su ne da dafin macizan Indiya, ba sa taɓa dafin kububuwa. Na sha ganin iyali sun sayar da akuya da buhun masara sun sayo irin wannan, aka yi ta ɗura wa mara lafiya, jini bai daskare ba. Wannan ya fi rashin maganin ciwo a wurina, domin an raba su da dukiyarsu kuma an raba su da yarda da asibiti.

Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki suna da asusun duniya da ke tsaya musu. Shan inna ta samu manyan masu ba da tallafi. Maciji kuwa sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a 2019 ta sa burin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Waɗanda yake sara manoma ne da makiyaya da yara, ba su da kuɗin da za su ja hankalin kamfani. A ganina kuɗin baitulmali an yi su ne domin irin wannan wurin da kasuwa ba za ta je ba. Ina so in rubuta cewa a sa kuɗi a binciken da zai kai mu ga yin allurar a gida.

Abin da ke damuna shi ne lissafi. Ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne maciji na kashe kimanin mutum 2,000 a shekara a Najeriya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, kusan kashi 30 cikin 100 na duk masu mutuwa da shi a duniya 'yan ƙasar nan ne. Shin adalci ne in nemi a fifita abin da nake gani da idona a kan abin da ya fi kisa? Ku taimaka mini.

Sista Ungozoma (Kano)

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanena, Allah ya saka da alheri. Ban raina saran maciji ba ko kaɗan, amma tunda ka tambaya, zo in kai ka ɗakin haihuwa.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen ɗauke su. Shekara da shekaru da ido muke auna jinin nan. A duba zani, a duba tsumma, a duba abin da ya zuba a ƙasa, a ce "bai kai ba tukuna." Ido kuwa kullum ragewa yake yi. Kafin a farga mai jego ta fara hamma, tana neman ruwa, tafin hannunta ya yi fari ya yi sanyi. A lokacin an makara.

Ka ji abin da bincike ya canja. An yi wani gwaji mai suna E-MOTIVE a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata fiye da 200,000 a asibitoci kusan 80, aka fitar da sakamako a 2023. A ɓangarenmu Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranta. Wata leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, ƙasanta jaka ce mai layuka da lambobi, jinin na taruwa a ciki kina gani. Da ya kai layin mililita 500, ba jira, ba gwada wannan sannan a gwada wancan. A lokaci guda za a murza mahaifa, a yi allurar oxytocin mai sa mahaifa ta ɗaure, a ba da tranexamic acid mai rage zubar jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in ya ƙi a kira na gaba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Duk mun san su, muna da su a kabad. Abin da aka gano shi ne lokacin ba da su da kuma ba da su tare.

Kuɗin wannan aiki daga Gidauniyar Gates suka fito, Jami'ar Birmingham ta tsara shi. Mun gode musu. Amma tambayoyin da suka rage namu ne, kuma ba na jin wani zai zo daga waje ya amsa mana. A Arewa maso Yamma yawancin mata a gida suke haihuwa. Ledar nan za ta yi aiki a hannun ungozomar gargajiya, ko za ta sa a ƙara jinkirin zuwa asibiti? Oxytocin sanyi take so. Wadda ta kwana a shagon magani a watan Afrilu babu wuta, wa ke auna ko da sauran ƙarfi a cikinta? Ni kaina na yi allurar da na ga mahaifa ko gezau, na sake fasa wata daga wani kwalin dabam sannan ta ɗaure. A ƙaramin asibitin da ma'aikaciya ɗaya ce ke kwana, yaya za ta yi abu biyar a lokaci guda?

Saboda haka ma'aunina shi ne: naira nawa za ta ceci rai nawa, kuma cikin shekara nawa. Ka ce a bar wa masu tallafi cututtukan da suka riga suka ɗauka. A nan ne ban bi ka ba. Mai tallafi tambayarsa yake biya wa, ba taka ba, kuma yana iya tashi ran da ya ga dama. Mun gani a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta, ayyuka nawa suka tsaya cak. Uwa in ta rasu, jaririn ma da wuya ya kai labari. Ka sa wannan a takardarka, ko da a layi na biyu ne.

Malamin Ƙididdiga (wata jami'a a Arewa maso Yamma)

Malam Ɗan Gindin Dutse, Sista, Allah ya ƙara muku lafiya. Ku biyun a bakin gadon mara lafiya kuke, ni a gaban takardu nake, bari in faɗi abin da ake gani daga nan.

Da farko ya kamata a san ta ina kuɗin ke bi. Babbar hanyar da malamin jami'a ke samun kuɗin bincike na gwamnati ita ce asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ribar kamfanoni. An fara da kashi 2 cikin 100, ya kai kashi 3 a 2023. Mafi yawan kuɗin gine-gine da karatun malamai suke tafiya. Ɓangaren bincike na ƙasa kuma ba na lafiya kaɗai ba ne, da injiniya da masanin noma da masanin tarihi duk layi ɗaya suke bi. Sai cibiyoyin Ma'aikatar Lafiya, wato NIMR ta binciken cututtuka da ke Yaba a Legas da NIPRD ta binciken magunguna da ke Abuja. Tun 1990 wani kwamitin duniya ya ba da shawarar kowace ƙasa mai tasowa ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiyarta ga bincike, masu tallafi su ware kashi 5 na nasu. Ministoci sun sake jaddada hakan a Bamako a 2008. Ba mu kai ba.

Ma'aunin da kake nema kuma yana rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi kwamitin binciken lafiya na ƙasa, aikinsa ya tsara abin da za a fifita, yana duba nauyin cuta a kan jama'a, da ko maganinta ya ci kuɗinsa, da buƙatun masu rauni. Wato naka ma'aunin da na Sista duk suna ciki. Matsalar ita ce nauyin cutar da za a duba, wa ya auna shi?

A Najeriya kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. Mu nan mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu takarda, babu wanda ya rubuta dalili. Adadin 2,000 da ka kawo da 75,000 na Sista duk ƙiyasi ne da aka gina a kan ɗan abin da asibitoci suka rubuta da ɗan binciken gida-gida. Wanda maciji ya sara ya mutu a wurin mai magani a ƙauye ba ya cikin littafin kowa. Mai yiwuwa ne lissafin da kake jin ya kayar da kai, lissafi ne da bai ƙirga mutanenka ba.

Ku tuna Zamfara a 2010. Gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Ba wani tsarin ƙirga na gwamnati ne ya gano ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne da suka shiga yankin domin sa ido a kan annoba suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima. Da akwai wanda ke rubuta mutuwar yara ƙauye-ƙauye, da an farga tun da wuri. Ga Gashuwa da garuruwan bakin kogin Yobe har zuwa Haɗeja, shekaru ana kukan ciwon ƙoda, iyalai na tsiyacewa a kan wankin ƙoda, amma har yanzu ana kan neman sanadin. Wannan tambaya ce da babu wanda ya fi gwamnatinmu haƙƙin biya mata.

Akwai hanyar ƙirgawa mai araha. A zaɓi gundumomi, a riƙa zagaya gidaje ana rubuta haihuwa da rasuwa, in an yi rasuwa a koma bayan an share makoki a yi wa iyalai tambayoyi a tsare, likita ya duba amsoshin ya fitar da dalilin da ya fi kusa. An yi irin wannan a Nahuce ta Zamfara da kuɗin tallafin waje. Da kowace shiyya na da irinta guda biyu ko uku a kasafin gwamnati, shekara goma ba yankewa, da gardamar nan da muke yi ta zo da sauƙi. Ni a nan zan fara sa kuɗi.

Abu na biyu da ke ci mini rai shi ne rabon a-samu-a-taɓa. Ana yanka kuɗin ƙanana-ƙanana domin kowace jami'a ta samu, sai a ƙare da bincike ɗari da babu wanda ya isa ya canja yadda ake jinya. Na taɓa karɓar tallafi da naira kafin a saki farashin dala a tsakiyar 2023. Kafin kaso na biyu ya fito, sinadaran da na yi kasafinsu sun ninka har sau uku, firizar da muka adana jinin mutane a ciki kuma ta narke a wata doguwar ɗaukewar wuta. Mutanen nan sun miƙa hannu an ɗebi jininsu bisa amana. Gara a zaɓi tambayoyi biyar a ba su kuɗin da ya ishe su har da wutar sola.

Maganar masana'antar allura kuwa, Malam, ka raba ta da kuɗin bincike. Kiwon dawaki da gidan macizai da injinan tace jini jari ne na masana'antu. In aka ɗora shi a kan ɗan kason bincike, zai haɗiye shi duka.

Uwar Mai Sikila (mai harhaɗa magunguna, Kaduna)

Assalamu alaikum. Ɗana mai tambaya, zan yi maka magana da baki biyu, na sana'ata da na uwa.

Kafin ka rubuta "a yi a gida," ka san labarin Niprisan. A shekarun 1990 cibiyar NIPRD, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, ta yi masa gwaji na kimiyya domin masu amosanin jini, wato sikila. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu, akwai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki. Gwajin farko ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. A 2008 kamfanin ya karye. Iyaye suka yi ta zuwa kantinmu suna tambaya, muna cewa babu. Sai a 2018 aka sake ba wani kamfani, May & Baker, lasisin. Shekara goma ke nan a rayuwar yaron da ciwo ke tayar wa duk hunturu. Haka ɗakin yin allurar rigakafi na Yaba, wanda ya yi ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare tun zamanin Turawa, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, bai sake aiki ba. Masananmu ba su gaza ba a duka biyun. Abin da aka rasa shi ne mai riƙe abin bayan an gano shi, da mai alkawarin saye.

Yanzu ga ɗaya misalin. Yaran sikila na fuskantar shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. A ƙasashe masu hali ana hana shi da ƙarin jini duk wata, abin da ba zai yiwu ga yawancinmu ba. Likitoci a Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada wata hanya. Ana ɗora wa yaro wata 'yar na'ura a gefen kai, kusa da kunne, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wanda aka ga nasa ya yi sauri da yawa sai a sa shi a kan hydroxyurea, tsohon magani ne, kuma akwai kamfanin cikin gida da ke yin sa. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo ma, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, yana ba da kariya. Kuɗin binciken daga Amurka suka zo. A ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, wannan tambaya ce da ya kamata a ce mu muka biya mata tun tuni.

Ɗana yana kan maganin nan. Da can in sanyi ya shigo ba ma barci. Zai riƙe ƙafa yana kuka ƙasa-ƙasa don kada ya tashi ƙannensa, ni ina dafa ruwa ina gasa masa gaɓoɓi har asuba. Yanzu tashin ciwon ya ragu ƙwarai, yana zuwa makaranta. Alhamdu lillahi.

Malam mai ƙididdiga, na yarda a ƙirga. Amma ina tsoron kada ƙirga ta zama dalilin jira. Na sikila ba ya buƙatar sabon lissafi kafin a motsa. Abin da ba mu sani ba shi ne hanya mafi araha ta gwada kowane jariri a wurin rigakafin farko, da yadda za a riƙe shi a kan magani a ƙauyen da babu ɗakin gwajin jini. Yawancin yaran nan suna rasuwa kafin shekara biyar ba tare da an taɓa sanin sikila ce ba, a ce zazzaɓi ne ko shawara. Sharaɗin da zan so a sa shi ne duk binciken da gwamnati za ta biya, kwamishinan lafiya ko minista ya sa hannu tun farko cewa in ya yi nasara za a saya, kuma ga layin kasafin da za a saya da shi.

Bagobiri (Maraɗi)

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku daga wannan ɓangaren iyaka, cututtukan da kuka lissafa duk namu ne.

Malam na Gombe, ka duba yadda aka yi da sanƙarau. Bayan annobar 1996, wadda ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya kaɗai, aka tashi neman allurar da za ta kare yankinmu daga nau'in A na ƙwayar cutar. Jami'an lafiya na ƙasashenmu, da na Nijar a ciki, suka ce in farashin ya wuce santi 50 na dala ba za su iya saye ba. A kan wannan farashin aka gina aikin tun daga tushe. Kamfanin Serum na Indiya ya yi allurar MenAfriVac, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta biyo a 2011, kuma nau'in A ya kusa ɓacewa. Abin da ya sa kamfanin ya yarda shi ne ƙasashe da yawa ne za su saya tare.

Allurar maciji ma haka take. Kububuwar da ke Gombe ita ce a kudancin Nijar da arewacin Kamaru da Chadi da Benin da Burkina. Masana'anta ɗaya za ta ishe mu duka, amma ƙasa ɗaya ba za ta iya riƙe ta ba in sayenta na bana-akwai-baɗi-babu ne. Ko da siyasa ta shiga tsakanin gwamnatocinmu, wannan magana ce da ma'aikatun lafiya za su iya zama a kanta.

Mu ma an yi manyan gwaje-gwaje a ƙasarmu. A Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, aka buga a 2017. Iyaye mata na nan ne suka kawo 'ya'yansu, ma'aikatanmu suka yi zirga-zirgar ƙauyuka, amma kuɗi da tambayar daga waje suka zo. In za ka rubuta, ka nemi a sa kuɗin horar da namu su riƙa tsara tambayar da kansu.

Ɗan Gindin Dutse

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya raya shi.

Sista, zan sa zubar jini a takardar, kuma ba a layi na biyu ba, domin mu ma a nan muna rasa mata a kan hanyar zuwa babban asibiti. Sai dai har yanzu ina riƙe da cewa in yawan mace-mace kaɗai za a bi, akwai cututtukan da layi ba zai taɓa zuwa kansu ba. Dubi cutar noma mai zaizaye fuskar yara masu tamowa. Asibitinta na Sakkwato yana nan tun 1999, amma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Zan nemi a keɓe wani kaso tsayayye, ko da ƙarami ne, domin irin waɗannan, kada su riƙa takara da zazzaɓi a faranti ɗaya.

A kan maciji, ga abin da zan roƙa daga kuɗin bincike. A samu ɗakin gwaji a cikin ƙasa da zai riƙa gwada duk allurar da ke kasuwa da dafin macizanmu, a bayyana sunayen waɗanda ba sa aiki a hana shigo da su. A gwada ko ma'aikaci irina, in an horar da shi an ba shi adrenaline saboda masu borin jini, zai iya yin allurar kashe dafi lafiya lau a ƙaramin asibiti maimakon a yi awa uku a kan babur. A kuma gwada ko raba takalmin roba mai dogon wuya kafin damina yana rage sara, da ko manoma za su jure sa shi a zafin nan. Masana'anta zan rubuta ta a wani sashe dabam, tare da shawarar ɗan'uwana na Maraɗi ta saye a haɗe.

Malam, maganar ƙirga ba sai na jira kasafi ba. Ƙauyukan da ke ƙarƙashin asibitinmu ba su fi ƙarfina ba, kuma ina da fahimta da masu maganin gargajiya biyu da ake fara kai wa mutane. Don Allah ka taimaka mini da tambayoyin da ake yi wa iyalan mamaci, in akwai na Hausa. Sannan a ganinka wa ya fi dacewa ya riƙe littafin rasuwa a ƙauye, mai unguwa ne ko liman da fasto? A wurinmu ana binne mutane ta hannun su biyun, kuma ba na son a tsallake gida ko ɗaya.